Babi na Bakwai: Saiwa da Sassaƙe a Filayen Kiwon Ikara, Makarfi da Kudan

A kasuwar Makarfi, kamar sauran kasuwannin ƙasar Zazzau, akwai layin da ba a rasa shi, wato layin masu ganye. Tsofaffin mata ne akasari, kowacce ta shimfiɗa buhu ta jera ƙulle-ƙullen sassaƙe da saiwoyi da busasshen ganye. Ga ɓawon maɗaci ja-ja wanda ɗacinsa ke yini a baki, ga na marke, ga na hano da ake dafa wa mai jego, ga saiwar rawaya da ke rina yatsa da zarar an kankare ta, ga sanya wadda ake wa laƙabi da uwar magunguna. Mace za ta zo da goyo ta ce, "Iya, yaron nan haƙori yake yi, ga zawo," a ƙulla mata na 'yan kuɗi kaɗan ta wuce. Ba kasafai ake tambayar inda kayan suka fito ba. In an tambaya, amsar ita ce daji.

Dajin da ake nufi a Ikara da Makarfi da Kudan ba wani ƙungurmin daji ba ne. Burtalin shanu ne, da hurumin gari, da saurar da aka bari ta huta, da gindin dutse, da bakin rafi inda ake shayar da dabbobi. Inda saniya ke kiwo nan magani ke tsirowa, don haka duk abin da ya ci filin kiwo ya haɗa da maganin talaka.

Ƙananan hukumomin nan uku suna can arewacin Jihar Kaduna, a masarautar Zazzau, kusa da iyakar Kano. Suna samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, ga kuma fadamu masu kyau. Makarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Kudan da Hunkuyi da tumatir da barkono, Ikara kuwa har masana'antar sarrafa tumatir aka gina mata a 1981. Wannan albarkar ce ta tara jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan 480,000 in an haɗa su, kuma yaran da aka ƙidaya a lokacin yau magidanta ne masu neman gonar kansu. Saura ta ƙare, domin ba mai gonar da zai iya barin ta shekara biyar ba shuka. Fadamar da a da shanu ke sauka cikinta da rani ta koma lambu. Burtali kuwa kowace damina sai garma ta ɗan gutsuri gefensa, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi, har ya zama shanu ba sa iya wucewa sai a jere.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango wannan tun da wuri, ta yi dokar keɓe filayen kiwo a 1965. An ware sama da 400 a faɗin Najeriya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a takardar gwamnati. A Kaduna an san Ladduga ta ƙasar Kachia, an san Damau ta Kubau mai maƙwabtaka da Ikara. To amma filayen da 'yar mai ganye ke shiga ba waɗannan manyan ba ne. Ƙanana ne na ƙauye, waɗanda ba su da takarda sai shaidar dattawa da maganar dagaci da ta arɗo. Da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara, irin wannan fili maras takarda ya zama shi ne mafi sauƙin yankawa. Abin da ya fi damuna shi ne, ko a inda aka kula da filin kiwo, lissafin bai wuce yawan shanu da ciyawa da ruwan sha ba. Sanya da rawaya da tafashiya ba sa cikin lissafin kowa. Ma'aikatar lafiya na ganin su na gandun daji ne, malaman daji sun fi kula da itacen katako, likitan dabbobi kuma allurarsa ce a gabansa.

Lalacewar fili tana da matakai, kuma duk makiyayi ya san su. Idan dabbobi suka yi wa wuri yawa, ciyawar da suka fi so, irin su gamba da kyasuwa, ita ce ke fara tafiya, saboda ana cinye ta tun ba ta yi 'ya'ya ba. Kofato ya daddaɓe ƙasa ta zama faƙo, ruwan sama ya daina nutsewa, ya riƙa gudu yana kwashe ƙasar sama, ya buɗe kwazazzabo. Sai tafasa da rai-ɗore da tumfafiya su mamaye wurin, tunda dabba ba ta damu da su ba. Nan ne ido ke yaudarar mutum. Da damina wurin kore shar, kuma ukun nan duka ana magani da su, sai a ɗauka magani na nan birjik. Alhali waɗanda suka tafi su ne masu jinkirin girma, waɗanda kuma ba su da madadi a hannun mai magani.

Itatuwa kuwa mutuwarsu a hankali take zuwa. A ƙarshen rani, daga Maris zuwa saukar ruwa, in ciyawa ta ƙare kuma an kwashe harawa da karan gona, makiyayi yakan hau kawo ko madobiya ko maɗaci ko gawo da adda ya saro wa shanunsa rassa. Ba mugunta ba ce, yunwar dabba ce. Amma itacen da ake aske wa kai kowace shekara ba ya samun sararin yin fure. Binciken da Orou Gaoue da Tamara Ticktin suka yi a Jamhuriyar Benin, a kan maɗacin da Fulani ke sarar ganyensa ana kuma ɓantarar ɓawonsa, ya nuna cewa inda sara ta yi yawa 'ya'yan da itatuwan ke yi suna raguwa. 'Yan ƙwayoyin da suka faɗi suka tsiro kuma akuya na jiran su, wanda ya tsere wa akuya gobarar daji ta same shi. Shi ya sa mutum zai ratsa burtali ya ga manyan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaitsaye, ya duba ƙarƙashinsu bai ga ko ɗaya mai tsayin gwiwa ba. Irin wannan wurin ya riga ya mutu, ranar faɗuwar tsofaffin kawai ake jira.

Zalunci ne a ɗora wa saniya laifin duka. Mai gawayi yana bin ƙirya da marke saboda su ne masu gawayi mai nauyi. Gidajen burodi da masu tuya a Zariya da Kano suna cin itace mota-mota. Mai hayar tarakta ba ya shiga gona sai an tumɓuke kututture, kuma kututturen nan shi ne ran sabara da kalgo. Sannan ga feshi. Maganin ciyawa ya sauƙaƙa wa manomi noma ƙwarai, amma ba ya bambanta ciyawar banza da nonon kurciya ko hankufa ko garahuni, ƙananan tsirran da uwa kan tsinka a bakin gona ba tare da ta nemi kowa ba.

Sai kuma su kansu masu ɗibar maganin, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya. A ƙarƙashin busasshen ɓawon itace akwai wani ɗanyen sashe mai laushi, wanda ta cikinsa abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa. In aka sassaƙi gefe ɗaya, abinci zai bi ta sauran gefen, raunin kuma ya riƙa haɗewa daga baki-baki har ya rufe. In kuwa aka zagaye gindin da sassaƙa, ko da faɗin tafin hannu ne, an yanke hanyar ke nan. Ganyen zai ci gaba da zama kore na wani lokaci, wanda ya yi aikin ma ba zai san ya yi kisa ba, amma saiwa tana can tana mutuwa da yunwa. Duba maɗacin da ke bakin hanya a kusan kowane gari na yankin nan: daga ƙasa har iya inda gatari ke kaiwa duk tabo ne, tsohon rauni ya yi baƙi ya kumbura, sabo yana jan jini-jini yana tsattsafo da ƙaro, wani a kan wani.

Masu magani na da sun san wannan, ko da ba su faɗe shi da bakin malaman kimiyya ba. Sharaɗin da akan ji a bakinsu shi ne a ɗebo sassaƙen gabas da na yamma. Kowace irin fassara mutum ya ba wannan sharaɗi, amfaninsa ga itacen a fili yake, domin kudu da arewa sun tsira, abinci na wucewa. Haka nan mai haƙar saiwa akan hore shi ya yanki ta gefe, ya bar uwar, ya mayar da ƙasa ya rufe ramin. Wanzami ko ungozoma ko maɗori da ke ɗibar abin da zai ishi majinyaci ɗaya ba shi da dalilin wuce haka, ga shi kuma gobe ma wannan itacen zai dawo wa. Wanda ya ɓata lamarin shi ne ɗan sari, wanda ake biya a kan buhu, ya zo a kan babur daga wani gari, ba ya kuma sa ran sake ganin itacen. Shi kam tuɓe shi zai yi tas.

Itatuwa ma ba ɗaya suke ba wajen jure rauni. Wani bincike da Claire Delvaux da abokan aikinta suka wallafa a 2009, a kan itatuwan magani iri 12 a Benin, ya gano cewa maɗaci na cikin masu saurin mayar da ɓawo, kawo kuwa da ƙyar yake warkewa. Ke nan doka ɗaya ba za ta yi wa duka ba. Maɗaci ana iya sassaƙarsa da ƙa'ida a ba shi shekaru ya huta, kawo kuwa gara a rage taɓa jikinsa.

Masu saiwa sun fi shiga haɗari. Sanya ƙaramin itace ne mai fure shuɗi-shuɗi mai ƙamshi, saiwarsa in an fasa ta tana warin man zafi. Ana neman ta don ciwon kai da sanyin ƙashi da abubuwa da dama, ga ta da dafi in an zarce ƙima, kuma ana haƙe ta ne gaba ɗaya. Ba ta saurin girma, dashenta kuma yana da wuya. Rawaya, wadda ake jiƙa wa mai shawara, da gwandar daji da tsada duk saiwarsu ake bi. Idan 'yar mai ganye ta ce abin ya yi nisa yanzu, sai an sayo daga wata ƙasa, mafi yawa irin waɗannan take nufi. Nisan nan kuwa kuɗi ne a kan majinyaci, kuma ƙofa ce ta algus, domin busasshiyar saiwa in an daka ta ba mai iya rantsuwa a kan ko ta mece ce.

Ba ina cewa duk abin da aka ƙulla a layin masu ganye yana warkarwa ba. Akwai na gaskiya, akwai wanda ba ya komai, akwai mai lahanta hanta da ƙoda, kuma matsalar awo tana nan. Yaron da zawo ya galabaitar ruwan gishiri da sukari da asibiti yake buƙata. Amma tantance na gaskiya daga na banza aiki ne da ba ya yiwuwa sai tsiron yana raye. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ɓawon maɗaci, wanda Fulani suka daɗe suna ba shanu, a ɗakin gwaji, suka ga yana da tasiri a kan ƙwayar cutar sammore. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu ciwon sikila daga haɗin gargajiya na tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da wani nau'in dawa. Tun 1916 likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunan da masana ke kiran hano da shi a duniya, Boswellia dalzielii, don tunawa da shi aka sa. Da za a ɗauki littafin sunayen nan a zauna da dattawan Paki ko Gimi ko Likoro a riƙa karanto sunayen, suna faɗin wanda yake nan da wanda ya ɓace da inda aka yi masa ganin ƙarshe, da an sami rajistar da yankin bai taɓa samu ba. Ɗakin adana samfurin tsirrai na jami'ar yana Samaru, tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

Abin da aka saba yi idan an tashi gyara shi ne gangamin dashen itatuwa. A kawo dogon yaro da turare a leda, manya su dasa a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da su. Ko sun rayu ma, turare ba ya maye gurbin marke a tukunyar magani ko a bakin saniya.

Hanyar da ta fi dacewa da mu tana arewa da mu, a ƙasar Maraɗi, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka tabbatar da ita. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurarrajin ganyen da ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara, tohon kututturen itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Sai aka fara abin da manoman can ke kira sassaben zamani. Manomi zai zo kan kututturen sabara ko kalgo mai toho goma ko fiye, ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya ɗan rage wa zaɓaɓɓun ƙananan rassa daga ƙasa da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Tsohuwar saiwa mai zurfi sai ta juye duk ƙarfinta a kansu. Ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗin mota. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ruwan da Maraɗi ke samu kuwa kusan rabin na ƙasar Zazzau ne.

Sai dai akwai gaskiyar da masu yabon Maraɗi kan tsallake. Abin ya fi kankama a gonaki, inda kowane itace ke da mai shi, kuma bai yaɗu ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, malamin daji ba zai ci su tara a kansa ba. Filin kiwo na kowa ne, kuma nan wuyar take. A Ɗan Saga ta yankin Agye sai da gari ya kafa kwamitin sa ido, aka sa mata da Fulani masu kiwo a ciki, aka yanka tara ga mai saran dare, kafin abin ya zauna.

Irin wannan zaman ake buƙata a kowane burtali da hurumi da ya rage a Ikara da Makarfi da Kudan, tun daga sa masa iyaka da turaku a rubuta a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma. Na san zama tsakanin manomi da makiyayi ya yi wuya a shekarun nan, satar shanu da rashin tsaro sun ɓata yarda. Amma maɗaci na cikin 'yan abubuwan da kowane ɓangare ke buƙata: arɗo don garkensa, manomi don iyalinsa. Kuma korar shanu daga filin ba gyara ba ne. Ƙwayar kalgo da gawo da bagaruwa tana da tauri, ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin dabba ta fito a cikin kashi, ga taki a tare da ita. Abin da filin ke so shi ne hutu bi da bi: a raba shi, a hana shiga wani sashe damina biyu ko uku har toho ya wuce bakin akuya, a haƙa ramukan rabin wata a kan faƙo don su tare ruwa, a watsa irin gamba, sannan a buɗe a rufe wani. Makiyayi ba zai yarda da rufewa ba in ba a nuna masa abin da dabbarsa za ta ci a watan Afrilu ba. Amsar wannan ma ba baƙuwa ba ce a Kaduna, domin tun shekarun 1980 aka gwada killatattun gonakin ciyawa masu gina jiki tare da Fulanin ƙasar Kachia, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika a bayan Zariya da ta daɗe tana aiki a kan irin ciyawa.

A zaman nan dole a ba masu magani kujera, musamman matan, don su ne suka san inda kowane tsiro yake da lokacin ɗibarsa. Su ne kuma za su iya tsawata wa ɗan sari, su ƙi sayen ɓawon da aka tuɓe zagaye. Duniya ta riga ta amince cewa wasu itatuwan namu na cikin haɗari: a 2016 an sa madobiya cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Wannan ya shafi katakon da ke fita ta tashar jirgin ruwa, bai san da mai gatari a bakin rafi ba. Shi sai dokar mai unguwa.

Akwai kuma waɗanda sassabe ba zai dawo da su ba, saboda saiwar tasu ce aka haƙe. Waɗannan sai shuka. Shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yana aiki a Kaduna, kuma babu abin da ya hana gandun renon itatuwan da ake kafawa a irin wannan shiri su cika da hano da marke da ƙirya da tsada. Sai dai a san halin kowane iri. Ƙwayar ɗorawa da ta ƙirya sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansu kafin su fito da wuri. 'Ya'yan maɗaci da rani suke fashewa su zubar da iri mai fiffike, wanda ba ya daɗewa a ajiye, sai a tsince shi a shuka a shekarar. Ƙwayar kaɗanya ta fi shi gaggawa, in ta faɗi da farkon damina kwanaki kaɗan gare ta, gara a binne ta a inda ake so ta zauna a kewaye ta da ƙaya, kuma mai shukar ya sani sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Hano shi ne mai sauƙi, reshensa ake sara a kafa a ƙasa ya kama, shi ya sa ake shinge da shi, kuma kowace 'yar mai ganye da ke da bayan gida tana iya kafa nata kafin ruwa ya sauka.